Kwamfutar da ba ta tashi sai ta ga dama

Da ta mutu murus, da hankalina ya fi kwanciya. Aƙalla mutum ya san inda ya dosa, ko ya mayar da tsohon furosesan da ya canza mata ko ya haƙura. Amma ita sai ta ɗauki wani hali na daban. In danna maɓalli ta tashi lafiya lau, in wuni ina aiki ba ko tari. Washegari in danna, fitila ta kama, fanka ta juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin kamar ba da shi ake ba. In danne maɓallin har ta mutu, in sake gwadawa. Wata rana a karo na biyu take amsawa, wata rana sai na huɗu. Sai kuma ta jera kwana uku ba ta yi ba, har in fara ce wa kaina ai ta warke. Sati shida na kwashe a haka, kuma fiye da rabinsu ni na ɓata su da hannuna.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ce ta 2011, irin masu kaurin nan na ofis da sukundireba ɗaya ya isa a kwance su. Ta zo da furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, Intel Core i5-2520M, mai ƙwaya biyu, gudun 2.5 GHz. Shekara da shekaru ba ta ba ni kunya ba, sai da na fara haɗa bidiyo. Aikin minti goma sai ya zama na tafi-ka-dawo. Na riga na sa mata SSD, ma'ajiyar fayil mai sauri, na ƙara RAM, inda take riƙe aikin da ke hannu, ya kai giga 8, abin da ya rage a taɓa shi ne furosesan. Kwamfutocin wancan zamanin kuwa suna da wata alfarma da na yanzu suka rasa. Furosesansu ba liƙe yake da dalma ba, a soket yake zaune, mai ramuka 988, wanda ake kira Socket G2. Ka juya sukuru ɗaya, ka ɗaga shi, ka ɗora wani. Zuriyar furosesan Intel mai suna Haswell ta 2013 ce ta ƙarshe da ta samu wannan gatan sosai, daga nan aka koma liƙe su a jikin madabod, babban faifan da komai ke haɗe a kai, yadda ka saya haka za ka rabu da ita.

Na samo Core i7-2760QM na hannu. Ƙwaya huɗu, yana iya hawa har 3.5 GHz, amma an tsara shi a kan wat 45, tsohon kuwa wat 35. Ban yi gaggawa ba wajen zaɓe, ko in ce a ganina ban yi ba. Na tabbatar su biyun 'yan gida ɗaya ne, zuriyar Sandy Bridge, domin shiga rami ba shi ne dacewa ba. Furosesan Ivy Bridge na 2012 zai zauna daram a cikin wannan soket ɗin, amma BIOS ɗin mafi yawan kwamfutocin 2011, wato 'yar manhajar madabod da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, bai san shi ba, allo ba zai ko motsa ba. Akwai ma wadda ta fi wannan ban mamaki, madabod mai cifset HM70, wanda aka yi don ƙananan furosesa irin Celeron da Pentium. Ka sa masa i5 ko i7 zai tashi ya yi aiki, minti talatin na cika ya ɗauke wuta, kullum, kamar an saita agogo. Nawa QM67 ne, wannan bai shafe ni ba. Na ɗauka na rufe duk wata ƙofa.

Ranar sakawa na cire caja, na cire batir, na buɗe cikinta. Sukurori huɗu ne suke danne ƙarfen da ke ɗauke zafi, kowanne da lambarsa a gefe, 1 zuwa 4. Na sassauta su da kaɗan-kaɗan, na ɗaga bututun tagullar tare da fanka, sai ga tsohon man sanyaya ya bushe ya zama kamar busasshiyar laka. Furosesan laftof ba shi da murfin ƙarfe irin na kwamfutar tebur, madubinsa a fili yake, hannu ya yi nauyi sai gefensa ya gutsire. Na juya sukurun soket rabin zagaye, na ɗauke tsohon, na daidaita ɗan alamar kusurwa mai ruwan zinariya ta sabon da ta soket, ya faɗa da kansa ba tare da na danna ba. Na kulle, na goge tagullar da sifirit, na shafa sabon mai, na ɗaure sukurori bi da bi. Tun da ciki a buɗe yake, sai na hure ƙurar fanka, na ciro katunan RAM biyu na goge na mayar. Wato a zama ɗaya na taɓa abu huɗu, daga baya kuma na zauna ina tambayar kaina wanne ne ya jawo.

Kunnawar farko ta ɗan tsorata ni. Fanka ta juya ta tsaya, fitila ta mutu, ta sake kamawa da kanta, sannan tambari ya fito. Wannan ba abin damuwa ba ne, BIOS ne ya ga baƙo yake sake lissafi. Windows ya hau, ya nuna layukan aikin furosesa takwas a wurin da a da huɗu ne. Bidiyon da na saba jira ya fita kafin in gama miƙe ƙafa. Na kwanta ina jin kaina wani injiniya.

Da safe allo baƙi.

Satin farko, in faɗi gaskiya, shirme na yi ta yi. Na sabunta manhajar hoto. Na kashe tsarin saurin tashi da Windows ya zo da shi tun Windows 8, wanda ke sa kashewa ba ta zama cikakkiyar kashewa ba. Na shiga kundin da Windows ke rubuta abin da ya faru, na ga Kernel-Power 41 jere reras, na yi murna na kama ɓarawo. Ashe wannan lambar ba ta cewa komai sai dai an kashe kwamfuta ba ta hanyar da ta dace ba, kuma ni ne mai kashewar, duk lokacin da na danne maɓalli. Sawun ƙafata nake bi ina ihu.

Ina shirin goge Windows gaba ɗaya in sake sawa, har na haɗa filas, sai ƙanina ya leƙo ya tsaya a kaina. Ya kalli baƙin allon na ɗan lokaci.

"Yaya, in ta maƙale ɗin nan, tambarin kamfani yana fitowa tukuna?"

Na ce a'a, ko ɗigo.

"To danna Caps Lock mu gani."

Na danna. Fitilarsa ba ta kama ba.

"Ai kuwa ba ta ma kai ga Windows ba. Me za ka goge?"

Ya fita abinsa, ya bar ni da filas a hannu. Gaskiyarsa. Kafin kwamfuta ta waiwayi inda Windows yake, akwai binciken da take yi wa kanta, wanda ake kira POST. Wuta ta daidaita, furosesa ya farka ya fara karanta BIOS, a shirya RAM, a kunna hoto, sannan tambari ya bayyana. Duk abin da ya tsaya kafin tambari, a cikin waɗannan yake. Don in cire shakka na zare SSD ɗin gaba ɗaya, na yi ta kunnawa. Wani lokaci ta fito ta ce ba ta ga inda za ta tashi ba, wanda shi ne daidai, wani lokaci baƙin allon nan dai. Na jona mata wani allo ta waje, shi ma shiru. Daga ranar na bar manhaja ta huta.

Sai na koma kan ƙaramin batirin madabod, CR2032 mai bolt 3, wanda a laftof yakan zo a naɗe cikin leda da 'yar waya. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS, kuma nawa ya haura shekara goma. Na canza shi. Na kunna, ta tashi. Na kashe na kunna, ta tashi. Sau biyar a jere. Na ɗaure sukurorin baya duka, na ce wa ƙanina an gama. Bai ce komai ba, murmushi kawai ya yi, irin wanda ke ɓata wa babba rai.

Kwana biyu ta sake yi.

A daren nan ne na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. A ƙiyasina tana ƙin tashi kamar sau ɗaya cikin huɗu. In haka ne, ko ban taɓa komai ba, damar ta tashi sau biyar a jere ta kai kusan kashi 24 cikin 100. Wato gwajin da na kafa hujja da shi, kusan sau ɗaya cikin huɗu zai ba ni albishir na ƙarya. Sau goma a jere, damar ta sauka zuwa wajen kashi 6. Sau ashirin, kusan 3 cikin 1,000. Matsalar da ke zuwa ta tafi, wannan ne makaminta. Duk abin da ka taɓa na ƙarshe kafin ta lafa, shi za ka ba lada, alhali ita dama hutunta take yi. Na tuna yadda na yi ta gode wa sabunta manhajar hoto, na ji kunyar kaina.

Na samo littafi na ja layuka: lokaci, tsawon zaman da ta yi a kashe, a caja take ko a batir, ta tashi ko ba ta tashi ba. Na yi wa kaina doka biyu. Abu ɗaya zan canza a lokaci ɗaya, kuma ba zan ce uffan ba sai na cika gwaji ashirin. Zagayen farko ban canza komai ba, so nake in san girman ciwon. Cikin ashirin ta ƙi sau biyar. Amma abin da ya fi lambar amfani shi ne layi na biyu. Duk biyar ɗin sun faru ne bayan ta jima a kashe, awa ɗaya ko fiye, jikinta ya huce. In tana da ɗumi na kashe na kunna nan take, ko na sake tashinta daga cikin Windows, ba ta taɓa ƙi ba ko sau ɗaya. Ka ga kenan gwaji biyar ɗin da na yi bayan canza batir, a jere cikin minti goma, ba su ma taɓa wurin ciwon ba.

Wannan ya rage mini gudu ƙwarai. Gwajin kirki yana bukatar ta huce, don haka biyar kawai nake samu a rana: da asuba, da hantsi, da rana, da yamma, da kafin barci. Kowane zargi kwana huɗu. Aikina na koma yi a wata kwamfutar aro, tawa tana gefe a buɗe kamar mara lafiya a gadon asibiti.

Zargi na gaba caja ce, kuma a nan akwai ƙamshin gaskiya. Tawa mai wat 65 ce, an rubuta bolt 19.5 da amfiya 3.34 a bayanta. Irin waɗannan kwamfutocin in sun zo da furosesa mai ƙwaya huɗu, caja mai wat 90 ake haɗa su da ita, mai amfiya 4.62. Dama na lura in ina fitar da bidiyo cajar tana zafi sosai, batir kuma yana raguwa alhali a jone yake. Na aro mai wat 90. Wannan matsalar ta kau nan take. Baƙin allo kuwa, huɗu cikin ashirin. Littafin ma ya riga ya faɗa mini, don layi na uku ya nuna tana ƙi a caja, tana ƙi a batir, ba ruwanta. Ciwo biyu ne suka haɗu a jiki ɗaya, ni kuma ina ta neman magani ɗaya da zai ɗauke su tare.

Zafi ban ɓata masa kwana huɗu ba. Gaskiya ne ƙarfen sanyayata na wat 35 ne, kuma in aiki ya yi nauyi ina ganin digiri casa'in da wani abu, ga iyakar furosesan 100. Amma zafi yana kashe kwamfutar da ke tsakiyar aiki ne. Tawa da sanyinta take ƙi, in ta ɗumama ma ta fi biyayya.

Saura BIOS. Na duba na ga tun na shekarar da aka ƙera ta ne, ba a taɓa sabunta shi ba, alhali a cikinsa ake ajiye 'yan gyare-gyaren da furosesa ke lodawa yayin tashi. Ya kamata in sabunta tun kafin in buɗe kwamfutar. Hannuna har ya kai kan fayil ɗin, sai na tsaya. Sabunta BIOS yana bukatar kwamfuta ta mutu ta tashi a tsakiyar aikin, ni kuma tawa tashin ne ba ta da tabbas a kai. In ta maƙale a nan, garin neman ƙiba an samo rama, madabod ɗin ma sai an kai shi wurin masu na'urar rubuta BIOS. Dole na sake kwancewa, na mayar da tsohon i5, na sabunta a kansa. Tun da yana ciki, na ce bari shi ma ya ci nasa ashirin ɗin.

Ashirin cikin ashirin. Ko gezau.

Na mayar da i7 a kan sabon BIOS, wannan karon da natsuwa. Na haska ƙafafunsa da fitilar waya ta gefe, layi-layi, ina neman wadda ta karkace, ban samu ba. Na tabbatar sukurun soket ya kai ƙarshen kullewa, domin in ya tsaya a rabi wasu ƙafafun suna taɓawa ne sama-sama, kuma wannan ma yana kawo irin wannan ciwon. Na ɗaure sukurori huɗun da juyi ɗaya-ɗaya don nauyi ya sauka daidai. Sakamako: biyar cikin ashirin.

To me ya rage? Tsoho lafiya, sabo ciwo, komai sauran iri ɗaya. Na yanke hukunci an sayar mini da mataccen kaya. Na ma fara zargin ko irin samfurin gwajin nan ne da ake fitarwa kafin a kammala ƙira, waɗanda ke yawo a kasuwar kayan hannu, amma lambar da ke jikinsa SR02W ce, ta wanda aka sayar wa jama'a, na gwaji da Q lambarsu ke farawa. Duk da haka na rubuta wa mai sayarwar saƙo mai zafi, sakin layi uku. Allah Ya taimake ni ban tura ba. Wani abokina mai gyaran kwamfuta yana da laftof mai irin wannan soket ɗin, ya ce in ba shi furosesan ya sa a tasa tukuna. Kwana biyar yana kunnawa da sanyin safiya kamar yadda na roƙe shi. Sai ya kira ni.

"Mutumina, furosesanka lafiyarsa ƙalau. Ni dai in ba ka so, bar mini shi."

Na ce to ai tsohon ma lafiya yake a tawa.

"To ba shi ba ne, ba ita ba ce. Zamansu tare ne bai yi ba. Duba abin da ya canza da zuwansa."

Na goge saƙon nan mai sakin layi uku. An bar jaki ana dukan taiki, kuma saura ƙiris in daki mutumin da bai ci ba bai sha ba.

Abin da ya canza da zuwansa. Na yi ta juya maganar. Wuta na duba, zafi na duba, BIOS na duba. Na mayar da i7, na buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanin kayan cikin kwamfuta, ina kallon shafukansa ba tare da na san abin da nake nema ba. Sai na tuna ranar da i5 yake ciki na ɗauki hotunan waɗannan shafukan, don kawai in kwatanta gudu. Na jera su gefe da gefe. Shafin furosesa ya bambanta, dama dole. Shafin madabod iri ɗaya. Shafin RAM, a tsohon hoto an rubuta 665 MHz. A sabon, 798.

Na daɗe ina kallon lambobin nan biyu. RAM irin DDR yana aika bayani sau biyu a kowane bugu, don haka 665 shi ne 1333, 798 kuma shi ne 1600. Ni ban taɓa saitin RAM ba, BIOS ɗina ma ba shi da wurin taɓawa. Amma a waɗannan zuriyoyin, mai kula da RAM ba a madabod yake ba, a cikin furosesa yake zaune. i5-2520M iyakarsa DDR3-1333. i7-2760QM yana kaiwa 1600. Katunana biyu duk an rubuta PC3-12800 a jikinsu, wato suna iƙirarin za su iya 1600, amma duk shekarun nan ba wanda ya taɓa neman su yi, saboda tsohon furosesa ba ya kaiwa can. Ranar da na canza furosesa, ban sani ba na canza mai kula da RAM, na kuma ƙara wa RAM ɗin gudu da kashi 20 cikin 100. Na ɗauka abu ɗaya na saka, ashe biyu ne a ƙunshe.

Kuma wurin da take maƙalewa ya dace. Yayin tashi, kafin hoto ya fito, BIOS yana karanta ɗan guntun da ke jikin kowane kati mai faɗin gudun da zai iya, ya zaɓi mafi girman da kowa ya yarda da shi, sannan mai kula da RAM ya yi ta aika saƙon gwaji yana daidaita lokacin bugu har sai amsa ta dawo daidai. In gudu ya ƙaru, tazarar da ake da ita ta kuskure tana ƙanƙancewa. Katin da yake bakin iyakarsa, ɗan bambancin sanyi da ɗumi ya isa ya tura shi wannan gefe ko wancan. In daidaitawar ba ta yiwu ba, babu inda za a ajiye komai, hoton ma da RAM ɗin yake aiki tun da a cikin furosesa yake. Sai fanka ta yi ta juyawa a kan baƙin allo. Wasu kwamfutocin suna yin ƙara ko ƙyafta fitila su faɗa maka RAM ne. Tawa ta zaɓi yin gum.

Na ciro katunan na dube su da kyau, karo na farko a rayuwata. Ba tare na saye su ba. Ɗaya yana da takardar kamfani da cikakkiyar lamba. Ɗayan, wanda na ƙara daga baya, 'yar farar takarda ce kawai mai giga 4 da PC3-12800, ba suna ba komai. Na sa wa na farko alamar A da biro, na biyu B.

A shi kaɗai a gurbin farko: ashirin cikin ashirin. Na matsar da shi gurbi na biyu, domin kar ya zama gurbin ne mai laifi ko wata ƙafar soket da ke kai wa gare shi: nan ma bai ƙi ba. B shi kaɗai: a rana ta farko ya ƙi sau biyu cikin biyar, zuwa ƙarshen zagayen ya ƙi sau bakwai. Ban taɓa jin daɗin ganin baƙin allo irin na safiyar nan ba. Har na kira ƙanina ya zo ya gani.

MemTest86+, manhajar gwada lafiyar RAM, ya kusa ruɗa ni, shi ya sa zan ambace shi. Tun a sati na uku na taɓa gudanar da shi zagaye ɗaya, ya fita fes ba ja ko ɗaya, na cire RAM daga jerin waɗanda nake zargi. Kuskure ne. Gwajin yana gudana ne bayan kwamfuta ta riga ta tashi ta ɗumama, wato a daidai yanayin da katin yake da lafiya. Da na bar B shi kaɗai ya kwana ana gwada shi, da safe na tarar da jajayen layuka 'yan kaɗan, duk daga zagaye na uku zuwa sama. Zagaye ɗaya mai tsabta ba shaida ba ce, kamar dai tashi biyar a jere.

Akwai gwaji ɗaya da ban bukata ba amma zuciyata ta ƙi barina. A cikin durowa ina da asalin katin da kwamfutar ta zo da shi, giga 2, PC3-10600, wanda iyakarsa 1333. In aka haɗa kati biyu masu gudu daban, duka suna sauka zuwa na mai rauni. Na haɗa shi da B. CPU-Z ya nuna 665. Kwana huɗu, ashirin cikin ashirin, da i7 a ciki, da katin nan da ya hana ni barci. Wato B bai mutu ba. A 1333 mutumin kirki ne, kuma haka ya yi shekaru yana aiki. Takardar jikinsa ce ta yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba, sai da aka zo karɓa asiri ya tonu.

Da na so, da na tsaya a nan da giga 6, kuma ga wanda ba ya son ƙara sayen komai wannan hanya ce mai kyau, bambancin 1333 da 1600 ba wani abin a zo a gani ba ne a aikin yau da kullum. Ni dai bidiyo yana cin RAM, don haka na nemo kati irin A sak, lamba ɗaya, na haɗa su. Na ba su zagaye biyu maimakon ɗaya, arba'in cif, saboda an sha ni na warke. Ba ta ƙi ba.

Cajar wat 90 na mayar wa mai ita na sayi tawa. B yana cikin durowa tare da tsohon i5, na manna masa takarda na rubuta "1333 kawai" don kar wata rana in manta in sa wa wani. Littafin yana nan, shafi goma sha ɗaya na layuka. Har yanzu in na danna maɓalli da safe, idona yana kan allon na daƙiƙa biyun nan kafin tambari ya fito, hannuna bai bar wurin ba.

Abin da ya rage shi ne zafi. Jiya ina fitar da bidiyo na minti arba'in na ga digiri 96, fanka tana kuka kamar za ta tashi sama, gudun furosesan yana sauka yana hawa. An yi wa wannan samfurin wani ƙarfen sanyaya mai bututu biyu, na waɗanda suka zo da katin hoto daban, kuma ramukan sukurorinsa na furosesa iri ɗaya ne da nawa. Na auna wurin, zai shiga. Na ja sabbin layuka a shafi na goma sha biyu.